Kurakuran da ake tafkawa wajen sayen motar aikin gona

Da zarar kaka ta yi, kuɗin amfanin gona sun shigo hannu, sai masu gona su bazama neman abin hawan da zai riƙa yi musu jigilar taki da ruwa da harawa da buhuna. Kafin damina ta biyu, da yawa cikin motocin nan suna kan dutse a gareji, an cire musu tayoyi. Ana ta faɗa ana maimaitawa, amma duk shekara sai wani ya sake faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa.

Mafi muni shi ne auna kaya da ido. Mutum zai tsaya a bayan mota, ya dubi faɗin bodinta, ya ce wannan za ta ci buhu goma sha biyar. Bodi kam zai ci. Sifirin da aksul da birki da taya ne ba za su ɗauka ba. Kowace mota akwai iyakar nauyin da aka ƙera ta a kai, kuma da kilo ake lissafinsa. Ƙananan motocin Japan irin su Daihatsu Hijet da Suzuki Carry, dokar ƙasarsu ta ƙayyade injinsu kada ya wuce cc 660, kayansu kuma kilo 350. Buhun masara uku da rabi ke nan, ko buhun takin zamani bakwai. Hilux da tsohuwar a-kori-kura 504 suna ɗaukar wajen tan ɗaya, buhu goma, kuma leburorin da suka ɗare kan kayan suna cikin lissafin.

Ruwa da yashi su suka fi yaudarar mutane, domin ba sa cin wuri. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Durom biyu masu lita 200 sun riga sun wuce ƙarfin Hijet. Farin tankin nan mai kejin ƙarfe, mai lita 1000, tan ɗaya ne cur ban da nauyin tankin kansa, amma kullum sai ka gan shi ɗaure a bayan keke mai ƙafa uku. In an ce ya yi yawa sai a ce to a zuba rabi. Rabin tanki ya fi cikakke haɗari a kwana, don ruwan yana tafiya gefe guda gaba ɗaya ya ja motar ya kifar. Yashi kuwa, bodin Hijet tsawonsa ya kusa mita biyu, faɗinsa mita 1.4, zurfinsa bai kai santimita 30 ba. Cika shi daidai baki da busasshen yashi, ka haura tan ɗaya, ninki uku na abin da aka yanka masa. Jiƙaƙƙen yashi ya fi haka.

Ɓarnar ba a rana ɗaya take fitowa ba, shi ya sa ake raina ta. Sifirin ne ke fara miƙewa, bodi ya zauna kan robar da ke tare shi, daga nan kowane rami shasi ne ke shan dukansa kai tsaye. Boris ɗin tayoyin baya ya riƙa zafi yana kuka. Kuloci ya ƙone wajen tayar da mota cikin yashi. Gaba ya yi sakayau saboda nauyi ya koma baya, sitiyari ya daina jin magana, birki kuma ya ƙi tsayar da abin da ba a yi shi dominsa ba.

Sai kuma a zo da maganin da ya fi cutar muni, a je wurin mai walda a ƙara sifirin biyu ko uku. Haba malam! Me ka gyara? Motar dai ta daina durƙusawa, ido ya daina ganin nauyin, shi ke nan. Aksul ɗin nan shi ne na jiya, boris shi ne, birki shi ne, taya ita ce. Da can sifirin ne mai karyewa, abin da za ka canza da kuɗi kaɗan. Yanzu ka tura karayar zuwa shasi ko sandar aksul, kuma ba a garejin take karyewa ba, a tsakiyar hanyar gona take yi da kaya a kai.

Abin da nake sa mai saye ya yi kafin ya taka kasuwar motoci shi ne ya ɗauki takarda ya rubuta kayan da yake ɗauka kowane mako, kowanne da nauyinsa a kilo. Ya ɗauki mafi nauyi, ya ƙara kwatansa a kai, wannan ita ce motar da zai nema. Kada ya yi lissafi da makon girbi. Kwashe buhu ɗari biyu aikin Kanta ne ta haya, na kwana biyu ko uku. Wanda ya sayi babbar mota saboda wannan makon zai shekara yana ƙona mai wajen kai jarka shida, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kuskure na biyu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na farko: a sayi mota da rani, a gwada ta a kan kwalta, alhali aikinta a hanyar gona yake cikin watan Agusta. Ka bi hanyar nan da ƙafa bayan ruwan sama. Inda amalanke da manyan motoci suka haƙa sawu biyu suka bar tudu a tsakiya, sa sanda ka auna tsayin tudun daga ƙasan sawun. Tsakanin cikin Hijet da ƙasa wajen santimita 16 ne, tayarta kuma ƙarama ce, inci 12. Hilux ta haura santimita 20. In tudun ya fi haka, aksul zai hau kansa tayoyi su rataye suna juyawa a banza, komai ƙarfin injin. Keke mai ƙafa uku nasa ya fi ban takaici, domin sawu uku yake bi. Tayoyin baya suna cikin rami, ta gaba tana kan tudu tana zamewa, direba yana kokawa da kan keken. A busasshiyar hanya mai faɗi keken kaya yana da araha da sauƙin gyara. A hanyar fadama da damina, wahala ka saya.

Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. A jigawa taya nitsewa take, maganinta mota marar nauyi da rage iskar taya kaɗan, a mayar da iskar idan an hau kwalta. A laka irin ta fadamun Haɗeja ko baƙar ƙasar gabashin Borno, santsi ne, sai taya mai manyan haƙora. A duka biyun abin da ke kafe mota ɗaya ne. Aksul na yau da kullum yana barin tayar da ta fi samun sauƙi ta yi ta juyawa, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik. Shi ya sa mota mai makullin aksul na baya, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, take fita inda wadda ta fi ta ƙarfin inji ta kwana. Wasu Hijet da Carry da aka yi don manoman Japan suna da shi, tare da ƙaramar giyar ja. Ka tambaya, ka kuma gwada.

Gwadawar nan ita ce ake wa ganganci. An ga an rubuta 4WD a jikin mota, wato mai ja da ƙafa huɗu, dillali ya nuna sandar giyar taimako, shi ke nan an biya kuɗi. Kwanta ƙarƙashin motar ka duba. Sau da yawa farfelar gaba, sandar da ke juya tayoyin gaba, ta lalace tun tuni an cire ta an jefar, sandar giyar tana shiga tana fita ba ta jan komai. In farfelar tana nan, sa giyar taimako a kan busasshiyar ƙasa mai tauri, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka tafi a hankali. Mota mai ja da ƙafa huɗu za ka ji tana ɗaurewa tana turjiya. In ta juya sumul, gaba ba ya ja. Wannan ɗaurewar ita ce kuma dalilin da ba a tafiya da giyar taimako a kan kwalta, in ba haka ba, ko da dillali ya rantse maka lafiyarta ƙalau, sai yaron mota ya kashe ta cikin wata guda.

Akwai kuma masu sayen abin da suka gani a bidiyon intanet. John Deere Gator, Polaris Ranger, Kawasaki Mule, duk motocin gona ne na gaske, amma an yi su ne don manomin Amurka da dilan kayan gyara ke kusa da shi. Yawancinsu da bel ɗin roba suke sauya giya, kuma bel ɗin yana ƙonewa idan ana jan nauyi a hankali cikin babbar giya. Ranar da ya tsinke, wa zai ba ka wani? Ƙa'idata ita ce kafin a biya kuɗin kowace mota, a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar da ta fi kusa, a tambayi abu biyar: faifan kuloci, boris, famfon ruwa, gasket, da takalmin birki. In ba a same su a rana ɗaya ba, a bar motar. Haka injin dizal na zamani mai kwamfuta. Nozul ɗinsa ba ya jure man jarka mai ruwa da datti, kuma bakaniken ƙauye ba shi da na'urar duba shi. Tsohon inji mai famfon gargajiya ya fi dacewa da wanda gonarsa ke nesa da gidan mai.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi.

Motocin Japan da sitiyari a dama suke zuwa, mu kuma a Najeriya tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, don haka ana mayar da shi hagu. Leƙa ƙarƙashi ka ga aikin. In ka ga an yanke sandar sitiyari an haɗa da walda, ko bututun birki a lanƙwashe kamar an murɗe shi da hannu, wuce abinka.

Tayar ƙaramar motar fasinja ba ta aikin gona. Nemi mai 6PR ko 8PR a jiki, ita ke jure nauyi da ƙaya da kututturen dawa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko haƙoranta sababbi ne, ban yarda da ita ba.

Injin keken kaya mai shan iska yana wahala a tafiyar hawainiya da kaya cikin zafin Afrilu, don ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi. Mai lagireto ya fi, da sharaɗin za a riƙa kakkaɓe ƙaiƙayin da ke toshe shi lokacin sussuka. Matatar iska kuma da hunturu duk mako ake duba ta.

Motar Beljiyam, ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa shasinta, musamman wajen maƙalin sifirin. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai saboda ƙanƙara daga ciki yake cin ƙarfe, fenti yana rufe da shi. Takin yuriya ma haka yake cin bodi, a shimfiɗa tamfol kafin lodi, a wanke bayan an sauke.

Lambar shasi ta dace da wadda ke kan takardar kwastan, harafi da harafi. "Ai gona kawai za ta riƙa zuwa" ba hujja ba ce, wata rana dole ta kai kaya kasuwa.

In kuma gonar ba ta wuce kilomita biyu ko uku daga gida ba, hanyar yashi ce, kayan kuma taki ne da kara, a yi lissafin amalanke da bijimai biyu tukuna kafin a je wurin dillali. Su ne za su yi huɗa da damina, su ba da taki, a kuma sayar da su da riba idan sun yi ƙiba.