Yadda Ake Amfani da Toxapex a Matsayin Katanga a Karawar Pokémon

Duk wanda ya fara karawa da mutane a Pokémon, idonsa kan tafi ne ga halittu masu bugu ɗaya su kayar da abokin gaba. Ni ma da haka na fara. Sai da na sha kashi sau da dama a hannun masu haƙuri kafin na gane cewa tawagar da ba ta da mai ɗaukar duka ba ta kai labari idan wasa ya yi tsawo. A cikin masu ɗaukar duka kuwa, babu wanda na fi sabawa da shi kamar Toxapex, wanda ya fara fitowa a Pokémon Sun da Moon a 2016. Abin da zan bayyana a nan ya shafi karawar ɗaya da ɗaya, kowa da halittu shida, irin wadda ake yi a Pokémon Showdown, shafin karawa na intanet, bisa dokokin Smogon, ƙungiyar 'yan wasa da ke tsara ƙa'idojin karawar.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Toxapex nau'i biyu ne, guba da ruwa. Lambobinsa na asali su ne: jini 50, bugun jiki 63, kariyar jiki 152, bugun sihiri 53, kariyar sihiri 142, sauri 35. Kallo ɗaya za ka yi wa waɗannan ka san inda aka dosa. Ba ya gudu, ba ya duka mai zafi, jininsa ma kaɗan ne, amma fatarsa ta fi ta kusan kowa kauri ta ɓangarorin biyu.

Hare-haren nau'i takwas rabin illa suke yi masa: wuta, ruwa, ƙanƙara, faɗa, guba, ƙwaro, ƙarfe da aljana. Uku kacal ke cutar da shi ninki biyu: ƙasa, lantarki da ƙwaƙwalwa. Ka haddace waɗannan ukun kamar sunanka, domin duk sauran shirinka a kansu zai ginu. Kuma da yake shi kansa nau'in guba ne, ba a sa masa guba, sannan idan abokin karawa ya baza Toxic Spikes, wato tarkon ƙayoyi masu guba, a filinka, shigowar Toxapex kawai ta isa ta share su.

Mataki na biyu: baiwa, hali da makin horo

Baiwa uku yake iya zuwa da su, Merciless da Limber da Regenerator. Kada ka ɓata lokaci kan biyun farko. Regenerator ce dalilin da ya sa ake maganarsa: duk lokacin da ka janye shi daga fili, kashi ɗaya cikin uku na cikakken jininsa yana dawowa. A wasannin na'ura ita ce ɓoyayyiyar baiwarsa, don haka sai ka tabbatar Mareanie ɗin da za ka rena yana da ita kafin ya rikiɗa ya zama Toxapex a matakin girma (level) na 38. A Showdown kuwa zaɓa kawai za ka yi.

Makin horo (EVs, waɗanda ake zubawa don ƙara lambobinsa) 510 gare ka gaba ɗaya, kuma ba a zuba fiye da 252 a wuri ɗaya. Ka fara cika jini, saboda nan ne gibinsa. A matakin girma na 100 hakan zai ba ka jini 304. Sauran sai ka duba tawagarka. Idan masu bugun jiki ne ke damun ka, zuba a kariyar jiki ka ba shi halin Bold. Idan masu sihiri ne, zuba a kariyar sihiri da halin Calm. Duka biyun bugun jiki suke ragewa, wanda dama ba ka bukata. Ra'ayina shi ne sabon ɗan wasa ya fara da Bold, domin yawancin abin da za a turo Toxapex ya tare masu bugun jiki ne.

Mataki na uku: dabaru huɗu

Gurbi huɗu ne kawai, kuma biyu daga ciki ba na tattaunawa a kansu.

Recover ce ta farko, tana mayar da rabin jini, wato 152. Amma a nan akwai abin lura. Kafin wasannin Pokémon Scarlet da Violet, za ka iya amfani da ita har sau 16 a wasa ɗaya. Tun daga 2022 aka rage ta zuwa sau 8. Wannan ya canza yadda ake wasa da kowace katanga. A da mutum kan zauna ya yi ta danna Recover har abokin karawa ya gaji; yanzu kowace ɗaya tana da daraja, kuma ɗan wasa mai wayo yana ƙirga maka su daga can ɓangarensa.

Ta biyu Haze. Tana goge duk ƙarin ƙarfin da kowa ya tara a fili. Babbar matsalar mai ɗaukar duka ita ce ba ya tsorata kowa, sai abokin karawa ya tsaya a gabansa ya yi ta Swords Dance ko Calm Mind ko Dragon Dance har ya zama abin da ba mai iya tarewa. Haze ce maganin wannan. Ka yi ta da wuri, tun a ƙarin farko ko na biyu, kada ka jira sai bugun ya kai inda zai kashe ka kafin ka motsa, ka tuna kai ne za ka yi motsi a ƙarshe kusan kullum.

Gurbi na uku na guba ne. Toxic tana cin kashi 1 cikin 16 a zagayen farko, 2 cikin 16 a na biyu, haka take hawa. Zagaye biyar sun cinye 15 cikin 16, na shida kuma ya gama aiki. A hannun sauran halittu tana iya kuskurewa, amma a hannun nau'in guba ba ta kuskure. Sai dai ƙirgar tana komawa farko idan wanda aka sa wa ya fita daga fili, don haka amfaninta na gaskiya shi ne ta hana shi zama. Toxic Spikes kuma tana sa wa duk mai taka ƙasa da ya shigo guba. Shimfiɗa ɗaya guba ce ta yau da kullum, biyu kuma mai hawa. Tana da kyau idan tawagar da kake fuskanta ba ta da nau'in guba da zai share ta. Akwai kuma Baneful Bunker, dabarar da aka san shi da ita: tana kare shi a zagayen, kuma duk wanda ya taɓa jikinsa ya kwashi guba. Ina son ta sosai a kan masu U-turn, domin mutum ya zo da niyyar ya buga ya fice, sai ya tsinci kansa a fili bai fita ba, ga guba a jiki. Kada ka yi ta sau biyu a jere, damar nasararta na faɗuwa zuwa ɗaya cikin uku.

Na huɗu dole ya zama hari, ko da mai rauni ne, saboda Taunt, dabarar da ke hana ka yin komai sai hari. Idan aka yi maka Taunt ba ka da hari ko ɗaya, ka zama dutse a tsakiyar fili. A ƙarni na 7 da na 8, wato zamanin wasannin Sun da Moon da na Sword da Shield, amsar a bayyane take: Scald, mai ƙarfi 80 da damar ƙuna kashi 30 cikin 100, ƙunar kuma tana raba bugun jikin abokin gaba biyu. A Scarlet da Violet an ƙwace masa ita. Abin da ya rage shi ne Surf mai ƙarfi 90, ko Chilling Water wadda ke rage bugun jikin wanda ta sama, ko Infestation wadda ke ɗaure shi a fili zagaye huɗu zuwa biyar tana cin kashi 1 cikin 8 kowane zagaye.

Mataki na huɗu: abin riƙo

Black Sludge tana ƙara masa 1 cikin 16 kowane zagaye, jini 19 ke nan. Rocky Helmet tana cire 1 cikin 6 daga duk wanda ya taɓa shi. Heavy-Duty Boots suna kare shi daga tarkunan da ake bazawa a fili. Shed Shell tana ba shi damar fita ko an ɗaure shi. Gargaɗi ɗaya ga masu wasan ƙarni na 9, wato Scarlet da Violet: idan ka yi Tera, dabarar sauya nau'i a tsakiyar wasa, ka koma wani nau'in da ba guba ba, Black Sludge za ta juya ta riƙa cin jininka, Toxic ɗinka ma ta fara kuskure. Idan kana da niyyar yin Tera da shi, riƙe Leftovers, wadda ke ƙara jini ga kowane nau'i.

Mataki na biyar: koyi fita

Nan ne asalin wasan yake, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Kalmar katanga tana sa mutum ya ɗauka aikin Toxapex shi ne ya kafe a wuri ɗaya. A'a. Aikinsa shi ne ya shigo ya karɓi bugun da aka yi niyyar yi wa wani, ya yi abu ɗaya mai amfani, ya fita, jininsa ya dawo kyauta.

Bari mu yi lissafi. Jini 304, Regenerator tana mayar da 101 a kowace fita. Ka shigo kan harin faɗa ko na aljana ya ci maka, a ce, 70. Abokin karawa ya san ba zai iya karya ka ba, sai ya janye ya kawo mai harin ƙasa. A wannan zagayen da yake sauyawa kai kuma ka danna Toxic, ta faɗa kan wanda ya shigo. Zagaye na gaba ka fita zuwa abokinka mai tashi sama, Earthquake ta tafi a banza. Toxapex ya koma benci da cikakken jini, ba ka taɓa Recover ko ɗaya ba, shi kuma mai barazanar yana ɗauke da guba har ƙarshen wasa. Maimaita wannan sau uku ko huɗu, za ka ga tawagar can ta fara zubewa ba tare da ka yi wani bugun kirki ba.

Yanzu dubi yadda ake lalata lissafin. Tarkon Stealth Rock yana cin 38 a duk shigowa. Har yanzu kana da ribar 63. Amma a ƙara shimfiɗa uku na Spikes, wato 76, jimilla 114, ta wuce abin da Regenerator ke ba ka. Daga nan kowace shigowa asara ce. Shi ya sa ko dai ka sa masa Heavy-Duty Boots, ko ka tabbatar akwai mai Rapid Spin ko Defog, dabarun share tarkuna, a tawagarka. Kuma idan takalman ne abin dogaronka, kada ka shigo da shi da gangan kan Knock Off, harin da ke kaɓe abin riƙo.

Na taɓa yin wata karawa a ƙarni na 8 da har yau nake tunawa. Ina gaba, halittuna biyar shi uku. Ya shigo da Heatran, na ce a raina ai wuta ba ta yi mini komai, bari in tsaya in yi Scald. Ya yi Magma Storm, ta ɗaure ni. Zagaye na gaba Taunt, Recover ta rufe. Daga nan Earth Power, ina kallon jinin yana sauka ba ni da ƙofar fita. Da Toxapex ya faɗi, babu sauran mai tare masa mai bugun faɗan da ya ɓoye a baya, ya share ni tas. Kuskuren duka a zagaye ɗaya ne, wanda ya kamata in fita na tsaya. Tun ranar, da zarar an nuna tawagogi kafin a fara, abin da nake fara nema shi ne wa zai iya ɗaure ni, wa ke iya ɗaukar Taunt, wa ke iya yi mini Trick, wato musayar abin riƙo, ya manna mini Choice Scarf da ke kulle ni kan dabara ɗaya.

Mataki na shida: abokan tafiya

Raunin nan uku su za su zaɓa maka abokai. Gliscor ko Landorus-Therian, ƙasa da tashi sama, ba harin ƙasa ba na lantarki da ke taɓa su. Mutum ɗaya ya rufe ƙofa biyu. Ting-Lu, duhu da ƙasa, lantarki da ƙwaƙwalwa ba sa yi masa komai, kuma yana baza tarkuna. Corviknight yana kauce wa ƙasa, yana jure ƙwaƙwalwa, yana da Defog, sai dai shi ma lantarki na cutar da shi, don haka idan ka haɗa su biyun dole ka sami nau'in ƙasa a gefe. Blissey, mai jini 255 da kariyar jiki 10 kacal, tana shanye sihirin da ya fi ƙarfin Toxapex, shi kuma ya karɓar mata bugun faɗa.

Kada dai ka cika tawaga da katangu zalla kana sabon shiga. Ka ajiye aƙalla mai sauri ɗaya da zai zo ya ƙarasa waɗanda guba ta riga ta raunata.

Mataki na bakwai: san waɗanda ba naka ba ne

Nau'in ƙarfe da na guba ba sa kamuwa da Toxic. Gholdengo ma baiwarsa ta Good as Gold tana toshe dabarun da ba hari ba idan an nufe shi da su. Gliscor mai Poison Heal guba magani ce a gare shi, sa masa ita taimako ne ka yi masa. Mai Substitute, wato garkuwar da ake kafawa da wani ɓangare na jini, yana ɓuya a bayanta Toxic ta kasa shiga. Sai Future Sight, wadda Slowking na Galar ke yawan amfani da ita: ana harba ta yanzu, ta sauka bayan zagaye biyu, a daidai lokacin da aka tilasta maka shigo da Toxapex ya tare wani. Idan ka ga an harba ta, ƙirga zagayen a ranka, ka shirya nau'in duhu ya kasance a fili lokacin saukarta, ko kuma ka yarda wani abokin ya karɓi bugun farko ka shigo da Toxapex a zagayen da ke biye.