Yadda za ki gina tsuntsun yumɓu irin na Dimkobo

A ƙauyen Dimkobo da ke gefen birnin Kirob a Rasha, mata sun shafe shekara sama da 400 suna gina ƙananan dawaki, talotalo da usur da jan yumɓu. Sana'ar ta kusa mutuwa, wata tsohuwa Anna Mezrina ta riƙe ta har rasuwarta a 1938. Ni da yaran unguwarmu a Agege salonsu muke kwaikwaya.

Ki jiƙa yumɓu, ki tsince tsakuwa, ki zuba yashi mai laushi kaɗan, ki kwaɓa har ya daina kama hannu. Jiki daban ake ginawa, wuya da bindi daban, sai a liƙa da ruwan yumɓu, a shafe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ki yi rowar shafar nan, don wurin ne ke fara tsagewa a wuta.

Shanya kuwa a inuwa. Iskar Legas jiƙe take, musamman da damina, don haka in kin kara shi a kumatu kika ji sanyi, bai bushe ba tukuna. Su can Dimkobo da zafi kusan digiri 800 suke gasawa. Mu rami muke haƙawa, mu jera ƙirare da gawayi, wuta ta ci a hankali.

In ya huce, ki dama garin alli da madara ki tsoma shi ya yi fari fat. Launi kuma da ƙwai ake dama shi: ja, rawaya, shuɗi, kore, a zana zobba da ɗigo. Fentin mai dai ban yarda da shi ba, ƙyallinsa ɓata aikin yake.