Yadda ake gane ɗafa-goshi a Hausa da kuma amfani da shi daidai

Ɗafa-goshi shi ne ɗan gutsuren da ake liƙawa a farkon saiwar kalma domin a samar da sabuwar ma'ana, kuma guda biyu ne suka fi yin aiki a Hausa, wato ba- da ma-. Mai son ya iya sarrafa su zai fara ne da gwajin cirewa: ya ɗauke gaɓar farko, ya duba ko abin da ya rage yana da dangantaka da wata kalma da aka sani. Idan aka cire ma- daga manomi za a ga noma, daga makaranta kuma a ga karanta, amma masara da barkono ba su bar komai mai dangantaka da ma'anarsu ba, saboda haka gaɓarsu ta farko asalin jikinsu ce.

Mataki na biyu shi ne a kama aikin ba-, wanda yake nuna asalin mutum ko ƙabilarsa, wani lokaci kuma sana'arsa, kamar baduku. Ana liƙa shi ga sunan gari ko ƙasa, sannan a sauya wasalin ƙarshe: Bakatsine, Bagobiri, Ba'adare. A nan ne sauti yake canzawa idan wasalin e ko i ya biyo baya, domin s tana komawa sh, t kuma tana komawa c, shi ya sa ake cewa Bahaushe da Basakkwace. Mace Bahaushiya ce ko Bakatsiniya. A jam'i kuwa ba- faɗuwa yake yi gaba ɗaya, a kawo -awa a ƙarshe, sai a ce Hausawa, Kanawa, Gobirawa.

Mataki na uku ya fi buƙatar natsuwa, domin ma- ɗaya ne a rubuce amma aiki uku yake yi. Yana ba da sunan mai yin aiki, kamar maƙeri da marubuci da mahauci. Yana ba da sunan wurin da ake aikin, kamar maƙera da masallaci da majema. Sannan yana ba da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da madubi da matsefi. Wahalar ita ce jam'in masu aiki da sunan wuri sukan zo da rubutu iri ɗaya. Wanda ya je Ƙofar Mata a Kano ya tsaya bakin ramukan shuni, wurin da yake tsaye marina ne, mutanen da suke tsoma zane cikin baba su ma marina ne. Baki yana rarrabe su da karin sauti, domin sunan wuri da na kayan aiki sautinsu a sama yake tun daga farko har ƙarshe, na mai aiki kuwa yana sauka a tsakiya. Tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, sai mai karatu ya dubi kalmar da ta biyo baya: "ma'aikata ta rufe" maganar ofishi ake yi, "ma'aikata sun tafi yajin aiki" kuwa mutane ake nufi. A ganina wannan gwaji ya fi haddace ƙa'ida amfani ga ɗalibi.

Abin da ya rage shi ne rubutu. Ba- da ma- ana haɗe su da saiwa, kuma idan saiwar ta fara da wasali dole ne a sa alamar hamza a tsakani, kamar ma'aikaci da ma'auni da Ba'amurke. Amma mai da masu da ɗan da 'yan, ko da yake su ma suna zuwa gaban kalma su sauya ma'anarta, a ware ake rubuta su: mai shayi, masu gari, ɗan kasuwa, 'yan sanda. Allunan shaguna da yawa suna haɗe su, su rubuta "maishayi", wanda ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa, sai fa idan kalmar ta zama sunan mutum, kamar Maikano ko Ɗanjuma.