Yadda Ake Ɗaukar Hoton Furannin Daji a Hallerbos

Dajin Hallerbos da ke kudu da birnin Brussels a ƙasar Beljiyam yakan rikiɗe ya koma shuɗi daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da bulubel, wani ƙaramin fure shuɗi mai siffar ƙararrawa, ke rufe ƙasa bayan sanyin hunturu ya janye. Furen yana gaggawar fitowa ne kafin ganyen itatuwan bic ya tare masa rana, don haka duk wanda ya yi jinkirin mako biyu zai tarar da shi ya yi yaushi.

Abu na farko shi ne haske. Rana tsaka ba ta dace ba, domin tana zuba tabon haske da inuwa a ko'ina, kuma takan sa shuɗin furen ya koɗe a hoto. Ka yi sammako, ko ka jira ranar da gajimare ya lulluɓe sama. A ganina, safiyar da aka kwana da yayyafi ta fi kowace, saboda launi yakan yi kauri, iska kuma ba ta riga ta tashi ba. Idan iska na kaɗa furen, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ko da za ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 800.

Sai kuma tsayuwa. Wanda ya ɗauka a tsaye zai ga giɓi da busasshen ganye tsakanin furanni, amma idan ya durƙusa har kyamara ta yi daidai da kan furen, sai su haɗe kamar shimfiɗa. Gilashi mai jawo nesa, kamar na milimita 200, yana ƙara matse su wuri guda. Sojojin Jamus sun sare yawancin tsofaffin itatuwan dajin a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sake dashe tsakanin 1930 da 1950, shi ya sa kututtukan suka tashi sambal kusan kai ɗaya, suna yi wa hoto ginshiƙai.

Wani abin ɗauka kuma shi ne tsiron fern, wanda ba ya fure. Yana da ganye kamar gashin tsuntsu, kuma sabon tohonsa yakan fito a naɗe kamar gammo. Ka matsa kusa, ka zaɓi toho guda, ka buɗe idon kyamara zuwa f/4 don bayansa ya dushe, sannan ka tsaya yadda haske zai biyo ta bayan ganyen. Mai waya ma zai iya, muddin ya taɓa allon a kan naɗin don ya fito sarai.

Duk wannan daga kan hanya ake yin sa, domin an hana sauka cikin furanni. Ganyen da aka taka ba ya iya ciyar da tushen furen mai kama da albasa da ke cikin ƙasa, kuma bulubel yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai daga iri kafin ya yi furen farko.