Yadda za ka gane irin filaf ɗin jirgin koyo tun yana ƙasa

Filaf shi ne ɓangaren bayan fiffike, daf da gangar jirgi, wanda ake saukarwa don jirgi ya rage gudu iska ba ta sake shi ba. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci bole suke ce masa, ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya kuwa filaf.

Fara da sauke shi duka. A Cessna 152 lantarki ke motsa shi, digiri 10, 20, 30. A Piper PA-28 sanda ce tsakanin kujeru kamar burkin hannu na mota, ka ja ta zuwa 10, 25 ko 40.

Sai ka durƙusa bayan fiffike ka duba da kyau. In bayan fiffiken ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙyauren ƙofa, babu rata, wannan shi ne mai sauƙin. In saman fiffike bai motsa ba, faifan ƙasa kaɗai ya buɗe kamar baki, tsagagge ke nan; jirgin Yak-52 na da shi, kuma ya fi mai sauƙin riƙe jirgi baya.

Wanda za ka fi gamuwa da shi mai rata ne. Leƙa tsakaninsa da fiffike, za ka hango haske. Ta wannan ratar iskar ƙasa ke hawowa ta bi saman filaf, sai ta manne masa maimakon ta watse. Shi ya sa Cessna da Piper ke sauka a hankali cikin natsuwa. In kuma ka ga filaf ya ja baya a kan ƴan dogayen ƙarfe kafin ya sunkuya, fiffike ya ƙara faɗi, motsin Fowler ne, sunan injiniyan Amurka Harlan Fowler. Na Cessna yana ɗan yin haka. Waɗannan ƙarafan nake roƙonka ka duba a lokacin hunturu, don ƙurar Maraɗi ba ta barin lungu.

Bayan ka hau, kada ka sauke shi sai allurar gudu ta shiga farin layin da ke jikin agogon gudu. A Cessna 152 iyakarsa not 85 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi). A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi na hawa da ƙyar. A Cessna 152 kada ka sauke filaf ya wuce digiri 10 wajen tashi. In ka fasa sauka, ba injin wuta duka, mayar da filaf 20 nan take, sauran kuma ɗaya bayan ɗaya yayin da gudu ke ƙaruwa.