Yadda Nake Kai Yara Yawon Buɗe Ido Daga Agege

Ranar da za ku je Lekki, a Legas, ku fito da asuba kafin cunkoso ya kama. A gandun Lekki Conservation Centre akwai gadar igiya a saman bishiyoyi, tsawonta mita 401, tana rawa ƙarƙashin ƙafa. Ku ɓoye abincinku cikin jaka. A gabana biri ya fizge ayaba daga hannun autata, sai da muka rarrashe ta da kyar.

Ibadan kuwa, ku ware mata rana guda. Jirgin ƙasa na tsayawa a tashar Agege, ya sauke ku Moniya, a gefen Ibadan. Daga nan ku hau mota zuwa gidan zoo na Jami'ar Ibadan. Ni dai jirgin ya fi mini kwanciyar hankali da yara.