Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Dandamalin Kan Ruwa, da Yadda Ake Gyara Su

Dandamalin kan ruwa, irin wanda ake haɗawa gunduwa-gunduwa don ɗaure kwalekwale ko sauke mutane da kaya, ba ya nuna aibinsa ranar da aka tura shi ruwa. Ran nan katako a bushe yake, notuna a ɗaure tam, kowa sai sam barka. Sai an yi wata shida, iska ta kaɗa, ruwa ya cika ya janye, mutum goma sun taru a gefe guda suna jiran jirgi, sannan ake sanin ko mai aikin ya iya. In ka bi sawun yawancin ɓarnar, gida ɗaya take komawa: an yi aikin ne da tunanin ginin tudu. A tudu, abin da ya ƙi motsi shi ake yabo. A ruwa shi ke fara karyewa.

Lissafin da ake yi da ido

Kuskuren farko tun kafin a sa zarto a katako ake yin sa. Mutum ya dubi duro shida da zai jera a ƙarƙashi su ɗaga dandamalin ya ce ai sun isa. Ruwa kuwa bai san "ai sun isa" ba. Ƙa'idar da masanin Girka Arkimidis ya gano sama da shekara 2,000 da suka wuce tana nan daram: abu yana samun ɗauki, wato ƙarfin da ruwa ke ɗaga shi da shi, daidai nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta ruwan teku ta ɗan ɗara kaɗan, don lita 1,000 tana kai kilo 1,025. Ke nan duro mai lita 200 zai ɗauki kusan kilo 200, amma fa sai ya nutse gaba ɗaya, kuma wanda ke tsaye a kai ruwa ya riga ya taɓa masa ƙafa.

Ga misali. Gunduwa mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2.4, a ce katakonta da ƙarafanta sun kai kilo 250. Duro shida na roba, kowanne wajen kilo 10, sun ƙara 60. Mutum shida masu kilo 75 sun kawo 450. Jimla 760 a kan ɗaukin da iyakarsa 1,200. A takarda kamar da sauran fili, amma durorin sun nutse fiye da rabi, kuma nan ne matsalar take. Duro a kwance cikinsa ya fi faɗi a tsakiya. Da zarar ruwa ya wuce rabinsa, faɗin ya fara tsukewa, sai kowane ƙarin kilo ya riƙa nutsar da shi fiye da na baya. Shi ya sa dandamalin duro yakan yi lafiya lau, sai mutum ɗaya ya ƙaru, kwatsam gefe ya tafi. Sa duro takwas: nauyi ya zama 780 a kan 1,600, ruwa ya tsaya a rabi. Wannan shi ne gyaran, a yi lissafi yadda ko an cika shi da kaya ba za a ci fiye da rabin ɗaukin ba.

Masu amfani da tubalan roba na kamfani ma ba su tsira ba. Tubalin da aka fi sani yana da santimita 50 tsawo, 50 faɗi, 40 tsayi, wato lita 100, kuma huɗu ke cika murabba'in mita. Adadin da ake rubutawa a takardar talla, wajen kilo 350 a murabba'in mita, nauyin da zai kai tubalin bakin nutsewa ne, ba nauyin aikin yau da kullum ba. Sannan katako yana shan ruwa ya yi nauyi, gansakuka da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suna manne wa ƙasan. A bar musu rabonsu a lissafi.

Ɗaukar nauyi daban, tsayuwa daban. Na taɓa hawa wani dandamali da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, an jera durori a layi ɗaya ƙarƙashin tsakiyarsa don a yi tsimi. Ina sa ƙafa a gefe sai na ji kamar na taka bakin faranti. Ɗaya gefen ya ɗaga, bokitin da ke kai ya gangaro ya faɗa ruwa, ni kuma na durƙusa ba shiri na kama katako. Ɗauki bai gaza ba, wurin da aka sa shi ne ba daidai ba. A tura abubuwan ɗauki can bakin gefe biyu, a faɗaɗa dandamalin da zai tsaya shi kaɗai ya kai kamar mita 1.8 ko fiye, in kuma dole ne ya zama siriri, a haɗa shi da wata gunduwa a gicciye, ya yi siffar T ko L, su riƙe juna.

Tsayinsa daga fuskar ruwa kuma jirgin da zai ɗaura ne ke yanke shi. Ƙaramin kwalekwalen tuƙi yana son dandamali mai ƙasa-ƙasa, santimita 15 zuwa 25, jirgi mai inji kuwa 40 zuwa 50. Wanda bai tambayi wannan tun farko ba zai ga fasinja na hawa da rarrafe.

Mahaɗa

Nan ne mai walda da kafinta suka fi shiga uku, don hannunsu ya saba da ɗaurewa tam. A ɗauki gunduwa biyar a haɗe su da ƙarfe ya zama sanda ɗaya mai mita 15. Igiyar ruwa ta zo ta ɗaga kai, tsakiya na rataye, wutsiya na ƙasa. Duk wannan ƙarfin a kan notuna huɗu yake sauka, kuma ba sau ɗaya ba: igiyar da ke zuwa duk daƙiƙa uku ta lanƙwasa mahaɗin sau 28,800 a kwana guda. Ƙarfe yana gajiya. Ramin noti ya fara faɗi, ya zama kamar ƙwai, wata rana a wayi gari gunduwa ta yi nata wuri.

Mahaɗi na gari yana barin gunduwa ta yi sama da ƙasa amma ya hana ta zamewa gefe: ko irin na ƙyauren ƙofa mai ƙaton fil, ko na roba mai kauri da ke shanye girgiza. Amma kada a yi gyaran gangar Auzinawa a bar shi sakwa-sakwa, don mahaɗi mai wasa yana dukan kansa da kansa, kuma giɓin da ke buɗewa yana rufewa tarkon yatsun yara ne. A rufe giɓin da faranti mai zamewa.

Kusurwoyi su ma a sa musu ƙarfe ciki da waje, noti ya ratsa katako ya fita ta baya da babbar washa. Ƙusa ba ta da aiki a ƙashin dandamali, wato manyan katakan da ke ɗauke da allunan bene. Haka maɗaurin igiyar jirgi: wanda aka kafa a allon bene kawai, ranar iska jirgi zai tafi da shi har da allon. Ya ratsa har cikin ƙashin, da faranti a ƙasa.

Roba kuma tana miƙewa da zafi fiye da yadda ake zato. Dogon layin tubalan roba mai mita 20 zai iya ƙara kusan santimita 10 tsakanin sanyin asuba da zafin rana. In an matse shi tsakanin abubuwa biyu marasa motsi, zai yi doro.

Araha ba ta ado

Farin soson nan mara nauyi da ake kunshe kayan lantarki da shi yana jan hankali, don ɗaukinsa yana da yawa. Amma in an sa shi tsirara, yana shan ruwa a hankali, man fetur yana narkar da shi, dabbobin ruwa suna rarake shi, ya riƙa marmashewa yana ɓata ruwa. Hukumomi da dama a Amurka sun hana amfani da shi sai an rufe shi cikin ɓawon roba mai kauri. Shi kuma ɓawon ya zama mai jure hasken rana, in ba haka ba ya bushe ya tsattsage. Tsohon duro kuwa, a san abin da aka taɓa zubawa a ciki, a wanke, a toshe murfin da kyau, a kwantar da shi murfin yana sama da ruwa.

Sai maganar ƙarafan da ba sa ga maciji. In aka haɗa alminiyam da ƙarfe mara tsatsa a cikin ruwan gishiri, sun zama batir ke nan, kuma alminiyam ne ke cinyewa. Za ka ga farin gari kewaye da kan noti, ka taɓa da farce ya zube. Katakon zamani da aka jiƙa da maganin ruɓa ma yawanci jan ƙarfe ne a cikin maganin, yana cin alminiyam da ƙusar ƙarfe ta gama-gari. Magani shi ne a raba su da washa ko shimfiɗar roba, a yi amfani da ƙarfen da aka tsoma cikin narkakken tutiya, ba mai siririn shafe ba. A teku a nemi ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316. Mai lamba 304 a ido kamarsu ɗaya, amma gishiri yana huda shi.

Abin da ke riƙe shi

Mutane sukan kashe kuɗi da lokaci a abin da ido ke gani, su bar anga, wato nauyin da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe dandamali, a matsayin ƙarashe. A zuba kankare a bokiti, a ɗaga da ƙyar, a ce wannan ko giwa ba ta ja. Sun manta ƙa'idar da ke ɗaga dandamali ita ke rage wa anga nauyi. Kankare mai kilo 100 a tudu, a cikin ruwa bai wuce kilo 58 ba. Ƙarfin iska kuma ba a hankali yake hawa ba: in gudunta ya ninka biyu, turinta ya ninka huɗu, kuma ba dandamali kaɗai take turawa ba, har da jikin duk jirgin da ke ɗaure.

Sarƙa ma ana kuskurenta ta fuska biyu. A ɗaure ta tam lokacin da ruwa ya janye, in ya cika ta janyo kusurwa ƙasa ko ta tumɓuke anga. A sake ta da yawa, dandamali ya riƙa yawo yana fizga. A auna ta da cikar ruwa mafi girma da aka sani a wurin, a gicciya sarƙoƙin a ƙasa, ta dama ta tafi angar hagu, ta hagu ta tafi ta dama, nauyin sarƙar kansa ya riƙa shanye fizga.

In turaka aka kafa, dandamali na hawa da sauka a jikinsu da zobe, to tsayinsu ne abin dubawa. A guguwar Sandy ta 2012, a gaɓar New York da New Jersey, ruwa ya taso ya haura kan turaka a tashoshi da yawa, dandamali suka zare ta sama suka tafi da jiragen da ke ɗaure a jikinsu, wasu ko karyewa ba su yi ba. Turke ya wuce tsayin ambaliya mafi muni, ba cikar kowace shekara ba. Akwai kuma wurin da bai dace da irin wannan aiki ba sam. In iska na da doguwar hanya a kan buɗaɗɗen ruwa kafin ta iso, igiyar na girma fiye da ƙarfin ƙaramin dandamali, sai dai a sa abin karya igiya ko a canja wuri. Ko manyan injiniyoyi sun sha wannan: cikin tashoshin wucin gadi biyu da sojojin ƙawance suka haɗa a gaɓar Normandi ta Faransa a watan Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, guguwa ta ragargaza ta bakin tekun Omaha kwanaki kaɗan da fara aikinta, ta garin Arromanches ce ta rayu.

A duba ƙasan ruwan kuma lokacin da ya fi janyewa. Dandamalin da ke zama a kan dutse duk rani cikinsa zai huje.

'Yar gadar da ke haɗa shi da gaɓa, kusan rabin nauyinta a kan dandamali yake sauka, shi ya sa kake ganin wannan gefen kullum a sunkuye. A ƙara ɗauki a ƙarƙashin wurin. Kai ɗaya a maƙale, ɗaya a kan taya yana zamewa, kada a kafe duka biyun. Gajeriyar gada kuma in ruwa ya sauka tsani take zama. Dokar Amurka ta masu buƙata ta musamman tana neman gangaren da bai wuce ɗaya cikin 12 ba, wato saukar mita ɗaya na son gada mai mita 12. Ko ba a kai nan ba, a auna da mai ɗauke da kaya a ka, a kan jiƙaƙƙen katako.

Wuta

Sauran kurakuran dukiya suke ci, wannan rai yake ci. A jawo wayar gida a shimfiɗa a kan gada don fitila ko cajin batir. Motsin kullum ya goge rigar wayar a daidai mahaɗi, wuta ta fara zirarewa cikin ruwa ba ƙara ba hayaƙi. A ruwan daɗi abin ya fi muni, don jikin mutum ya fi ruwan saurin ɗaukar lantarki, sai wutar ta bi ta jikin mai iyo. Kaɗan ta isa ta sandarar da gaɓoɓi, ya nutse shiru, a ce bai iya ruwa ba ne. Wayar ta zama irin ta aikin ruwa, a cikin bututu, da rara a kowane mahaɗi don ta bi motsi, a haɗa duk ƙarafan dandamalin da wayar ƙasa, a sa na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta ji zirara, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. Ƙwararren mai aikin lantarki ne zai yi, kuma ko ya yi, ba a iyo kusa da dandamali mai wuta. In wani a cikin ruwa ya ce yana jin tsikari a jikinsa, kada kowa ya faɗa ceto: a kashe wutar daga tushe, a ce masa ya yi nesa da dandamalin, a jefa masa igiya ko abin riƙewa.